Makanike da Kwaɗinsa: Abin da Ya Riƙe Mustafa Alasan ga Aikin Silima

A ƙasar Hausa ta dauri ba a tambayar maƙeri abin da ya sa yake ƙira, ba a kuma tambayar makaɗin fada dalilin da ya sa ya rataya kotso. Amsar a fili take. Sana'ar gidansu ce, ya buɗe ido ya tarar da ubansa da kakansa a kanta. Akwai manoman da ke jiran hauya kafin ruwan shuka ya sauka, akwai kuma sarki ko attajirin da zai tuɓe riga ya ba makaɗi, ya aika masa damman hatsi da kaka. Mai sana'a yana zaune ne bisa gado da kasuwa da ubangida, kamar yadda tukunya ke zama bisa duwatsun murhu. Sai ranar da wata sana'a ta zo wadda ba wanda ya gada, ba ta da kasuwa a gida, ubangidanta kuma baƙo ne mai iya tashi kowane lokaci, sannan tambayar ta zama tilas. Irin wannan sana'a ce silima a Nijar ta farkon ƴancin kai, kuma cikin waɗanda suka shige ta babu wanda rayuwarsa ta fi cancanta a duba kamar marigayi Mustafa Alasan, wanda Nasara ke rubuta sunansa Moustapha Alassane.

An haife shi a 1942. Aikin da ya fara koya makanikanci ne, kuma mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi masa amfani a gaba. Tun kafin ya taɓa kamara ya riga ya saba tara mutane da wasan inuwa: ya yanka siffofin mutane da dabbobi, ya kunna fitila, ya motsa su a gaban ƴan kallo. Babu lakwal ɗin da ta koya masa wannan. Hannunsa na zane ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, a can kuma ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanyoyi a 1941, ya koma mai nazarin al'adun Songai da Zabarmawa da kamara a kafaɗa.

Ya kamata a tuna halin da ake ciki a lokacin. Tun 1934 akwai dokar da ake kira dokar Laval, wadda ta hana kowa ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da iznin gwamna. Saboda haka ne ma Paulin Vieyra da abokansa suka ɗauki fim ɗinsu na 1955, *Afrique sur Seine*, a birnin Paris, don ba su da halin ɗaukarsa a gida. Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, shekara biyu bayan haka, a 1962, saurayi ɗan shekara 20 ya fito da *Aouré*, gajeren fim a kan yadda ake neman aure da ɗaura shi a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogin Isa. Sunan fim ɗin kalmarmu ce ta aure, aka rubuta ta da ƙa'idar Faransanci. Ya riga *Borom Sarret* na Sembène Ousmane da shekara ɗaya, ko da yake na Sembène ne littattafan tarihin silima suka fi ambato. A shekarar dai ya yi *La Bague du roi Koda*, labarin sarkin da ya ba wani masunci ajiyar zobe, ya bi ta bayan gida ya karɓe shi ya jefa a kogi don ya sami hujjar kashe shi, zoben kuma ya komo cikin cikin kifi. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai tuna hikayar Ba Sarki Sai Allah da kakanni ke bayarwa da dare. Wato tun tashin farko, da aka ba shi na'urar Nasara, abin da ya fara zuba mata shi ne abin da ake faɗa a dandali.

Rouch ne ya buɗe masa hanyar Kanada, inda ya zauna a hukumar fina-finai ta ƙasar, a Monreyal, kusa da Norman McLaren, mutumin da ya shahara da zana hoto kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kamara ba. A nan makanike ya ga abin da ya dace da hannunsa. Fim ɗin zane aiki ne na haƙuri da lissafi. A ƙa'idar silima ana haska hoto 24 cikin kowace daƙiƙa, saboda haka fim na minti 5 yana cin hoto 7,200. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu don sauƙi, sai an tanadi dubbai, kowane ya bambanta da na bayansa da ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Amma kuma aikin yana da wata falala da babu ita ga fim ɗin mutane. Ba ya neman ƴan wasa, ba ya neman motar ɗaukar kaya ko abincin ma'aikata. Mutum ɗaya da tebur da fitila da kamara sun isa. A ganina wannan ne mabuɗin rayuwar Mustafa Alasan baki ɗaya: ya zaɓi reshen silima da talauci bai iya hana shi.

*La Mort de Gandji* ya fito a 1965, ana kuma lissafa shi cikin fina-finan zane na farko da ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi. Ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A cikinsa ne kwaɗi suka fara bayyana, kuma ba su sake rabuwa da shi ba. A 1966 ya fito da *Bon voyage, Sim*, fim na kusan minti 5, inda Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa maƙwabciya: ga jirgin sama, ga faretin soja, ga jawabai da girmamawa, dukansu kwaɗi ne masu kumburin ciki. Wanda ya kalle shi yau zai yi dariya ya wuce. Amma a duba shekarar. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki, PPN-RDA. An haramta Sawaba tun 1959, an murƙushe yunƙurinta na 1964, kuma a watan Afrilun 1965 an jefa wa shugaba Jori Hamani gurneti a wurin sallar Layya. A watan Fabrairun 1966 ɗin nan ne sojojin Gana suka kifar da Kwame Nkrumah yana kan tafiya ƙasar Sin. A irin wannan lokaci ba kowa ke iya yi wa ziyarar shugaban ƙasa ba'a ba. Kwaɗo ya iya. Dabara ce tsohuwa a wurinmu: abin da talaka ba ya faɗa wa sarki a ido, Gizo yana faɗarsa a tatsuniya, a yi dariya, ba wanda aka ɗaure.

A shekarar kuma ya yi fim ɗin da ya fi kowane fitar da sunansa, *Le Retour d'un aventurier*. Wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka hana ƙauyensu sakat. Ana yawan fassara fim ɗin da cewa gargaɗi ne a kan kwaikwayon baƙin al'adu, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai duk wanda ya kalle shi da idon basira zai ga cewa mai fim ɗin kansa yana jin daɗin sukuwar dawakin da ƙurar da suke tayarwa, har da raƙuman dawa da suka gitta cikin hoton. Shi ma ɗan kallon fina-finan kaboyi ne kamar sauran samarin Yamai. Mai wa'azi zalla da bai ɗauki sukuwar da irin wannan marmari ba. Wannan son wasa, irin na yaro mai fitila da kwali, yana cikin abubuwan da suka hana shi gajiya, kuma masu sharhi da suka fi son su ga ɗan gwagwarmaya a kowane mai fim na Afirka sun sha raina shi.

Shekarun da suka biyo baya su ne na ganiyar silimar Nijar. Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa a yaƙin Indocin wanda Rouch ya gamu da shi yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya yi *Cabascabo*, sannan a 1972 ya ci babbar lambar FESPACO ta Wagadugu, Dokin Yennenga, da *Le Wazzou polygame*, karo na farko da aka bayar da ita. Mustafa kuwa a 1969 ya ɗauki mai hikaya Albarka Cibau yana ba da labarin Dela da Hausa, a 1972 ya yi *F.V.V.A.*, wato mace da gida da mota da kuɗi, abubuwa huɗu da ƙaramin ma'aikacin biro ya sa a gaba har suka kai shi ga taɓa kuɗin aiki da shiga kaso. A 1973, ana tsakiyar babban farin da ya ƙare dabbobin Sahel, ya yi *Toula* tare da Bajamushiya Anna Soehring, daga wani labari na Bubu Hama: sarki ya ba da budurwa ƴar gidansa ga aljanin ruwa don tabki ya cika. A 1977 ya koma ga ƴan tsana, ya yi *Samba le grand* mai launi. Ya kuma shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai har shekara 15.

To, amma wa ke biya? Nan ne labarin ya yi ɗaci. Ana ɗaukar fim ɗin a zare mai faɗin milimita 16, wanda nadi ɗaya na mita 120 bai wuce minti 11 ba, kuma babu inda ake wanke shi a ƙasar. Sai an aika Faransa, a can a wanke, a can a yanka a haɗa, a can a sa murya. Gidajen silima kuwa na Yamai da Damagaram da Maraɗi, kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ne suka daɗe suna riƙe da hanyar kawo musu fina-finai, kuma abin da ke kawo musu riba shi ne fim ɗin Indiya da na kaboyi da na faɗa, waɗanda suka riga suka mayar da kuɗinsu a wasu ƙasashe. Abin da ya rage wa ɗan ƙasa shi ne ofishin silima da ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe a 1963, wanda ke sayen iznin nuna fim ɗin ba don kasuwanci ba, a cibiyoyin al'adu da makarantu. Taimako ne na gaske, da babu shi da yawancin fina-finan nan ba su tabbata ba. Amma ya mayar da mai fim kamar makaɗin da ubangidansa ke wani gari: ana yaba masa a bukukuwan Turai, maƙwabcinsa kuwa bai taɓa ganin aikinsa ba.

An yi ƙoƙarin gyara. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun kafa hukumar rarraba fina-finai ta CIDC a Wagadugu, ɗan Nijar Inusa Useini ne ma ya shugabance ta, amma ba ta wuce tsakiyar shekarun 1980 ba ta durƙushe. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45. Farashin uraniyom, wanda ya cika baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, sai kuɗin zaren fim da na wankinsa suka ninka a dare ɗaya. Gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. A daidai lokacin ne kaset ɗin bidiyo na Kano, wanda ya fara da *Turmin Danya* a 1990, ya tsallako iyaka ya cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram, ya sami abin da manyan masu fim na Yamai ba su taɓa samu ba, wato ƴan kallo masu sa hannu a aljihu.

Kowa ya ji a jikinsa, amma ba daidai ba. Zalika Sule, wadda ta fara fitowa a fim ɗin kaboyin nan na 1966 ta kuma zama tauraruwar kusan dukan fina-finan zamanin, ita ta fi biya da tsada: mutanen gari ba su raba ta da matan banza da take kwaikwayo ba, kuma da aikin ya mutu ba ta da abin komawa. Fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kanta, *Al'lèèssi*, ya nuna ta cikin ƙunci a Yamai, daga baya kuma ta tafi Amurka aikin gida. Ta rasu a 2021. Jingare Maiga, wanda shi ma ɗan wasan fim ɗin ne kafin ya koma bayan kamara ya yi *L'Étoile noire* a 1976, ya ci gaba da jan aiki da ƙyar, fim ɗaya cikin shekaru masu yawa. Ba na kawo waɗannan don a ce wani ya fi wani juriya ba. Ƴar wasa ba ta iya yin wasa ita kaɗai a ɗaki. Mai zane yana iyawa. Sau da yawa abin da muke kira ƙarfin zuciyar mai fasaha, rabinsa sa'ar irin kayan aikin da ya zaɓa ce.

Mustafa Alasan ya yi abu biyu. Na farko, tun da silima ba ta nuna fina-finansa, sai ya ɗora na'urar haskawa a mota ya bi garuruwa da ƙauyuka yana nunawa da kansa, kamar yadda ya fara da fitila. Na biyu, ya bar babban birni ya zauna a Tawa, ya riƙe otal, ya mayar da wasu ɗakunan wurin aikinsa. Kuɗin baƙin da suka kwana su ne ke sayen kayan zane da na ƴan tsana. Wato da ya rasa ubangida sai ya gina wa kansa ɗaya, da bulo da siminti, wanda ba ya gindaya masa sharaɗi ba ya kuma neman a yi masa kirari. Ƙwararrun Turai suna iya ganin abin tausayi ne a ce ɗaya daga cikin iyayen silimar Afirka yana lissafin kuɗin ɗaki. Bahaushe ba zai ga haka ba, domin a wurinmu malami yana noma, mawaƙi yana fatauci, kuma ba a ɗauki wannan faɗuwa ba.

Daga cikin abin da ya bari na wannan zango akwai *Kokoa*, wanda ya fara a 1985 ya kuma sake komawa kansa a 2001. Kokowa ce ta ƴan tsana, kwaɗo da hawainiya da tsuntsu suna kamawa a fage, da makaɗa da ƴan kallo. Ba a rasa dangantaka tsakanin fim ɗin da garin da mai shi ya zaɓa, domin a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Kowane ɗan tsana sai an lanƙwasa masa hannu kaɗan, a ɗauki hoto, a ƙara lanƙwasawa, a sake ɗauka, har a sami kaye guda. Da kwamfuta ta zo, yana dab da shekara 60, bai ce ya tsufa ba. Ya zauna ya koye ta, ya ci gaba da zane a kanta, har ya koma wa tsohon abokinsa Sim da *Adieu Sim* a 2001. Gaskiya fina-finan kwamfutar ba su kai na zaren fim daɗin kallo ba, layinsu ya bushe, launinsu ya yi kaifi. Amma makanike ne, sabon inji ya shigo gari, ba yadda za a yi ya bar shi bai buɗe cikinsa ba.

A jahar Tawa ɗin dai akwai wani mutum da labarinsa ya yi kama da wannan ta wata fuska, ko da yake sana'arsa tsohuwa ce. A 1962, shekarar *Aouré*, dattawan ƙauyen Yama suka sa magini Falke Barmu ya gina musu masallacin Juma'a da ƙasa. Ya gina shi sassauƙa, aka yi ta salla a ciki. A 1975, da rufin ya nemi gyara, sai ya sake shi da bakan gizo ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyin, kowace da siffarta. Masallacin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Bukatar masu salla ta biya tun ginin farko. Abin da ya mayar da maginin kan aiki ɗaya har shekara 20, yana ƙara abin da salla ba ta wajabta ba, shi ne ya mayar da mai otal kan kwaɗo ɗaya bayan shekara 35: aikin yana nan a gabansu, hannunsu ya ƙara sani, suna ganin abin da za a iya yi wanda da ba su gani ba.

Ranar 18 ga Fabrairu 2004, kusa da Birnin Ƙonni a kan hanyar Tawa, motar da ke ɗauke da Jean Rouch ta yi haɗari. Rouch ya mutu yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Cikin waɗanda ke motar suka tsira akwai matarsa, da Damure Zika, da Mustafa Alasan. Bayan haka girmamawa ta yi ta zuwa, yawancinta daga waje: lambar girma ta Faransa a bikin Cannes na 2007, fim a kan rayuwarsa da Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka fitar a 2009, wanda a ciki ake ganinsa a ɗakin aikinsa na Tawa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, Allah ya jiƙansa. A 2017 gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya shirya nuna fina-finansa jere, abin da mafi yawan samarin Tawa da Maraɗi ba su taɓa samun damar gani a majigi ba. A 2024 kuma, bayan dangantaka tsakanin Nijar da Faransa ta yi tsami, hukuma ta sauya wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna, aka sa mata na Mustafa Alasan. Sunan da aka sauke daga bangon na Jean Rouch ne.